Gudun fanfalaki na Legas: ta mota ko ta jirgi, kuma a ina za a kwana?

Sadik_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni. Ni da abokina mun yi rajistar gudun fanfalaki na Legas na watan Fabrairu, cikakken kilomita 42. Wata biyar ke nan muna atisaye a nan Kumasi, amma ni ban taɓa wuce Aflao, bodar Ghana da Togo, ba. Tsarin da na yi shi ne mu shiga mota a tashar Asafo daren Alhamis, mu sauka Circle a Accra da asuba, mu kama motar Legas ranar Juma'a, mu isa da dare, Asabar mu yi gudu, Lahadi mu juyo. Wajen kwana kuma akwai ɗan yayar mahaifiyata a Agege, ya ce mu sauka wurinsa. Ga wanda ya san hanya, wannan tsarin zai yi? Kuɗin da ke hannunmu ba yawa.

DanNima42:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba zai yi ba, kuma gara in gaya maka tun yanzu. Na yi gudun nan a 2019 da 2024. Abu na farko, ba a ba da lambar ƙirji ranar gudu. Duk zuwan da na yi, a filin wasa na Teslim Balogun da ke Surulere muka karɓi lamba da riga, kwanaki kafin ranar. In ka shiga Legas ƙarfe goma na daren Juma'a, wa za ka tarar ya ba ka? Na biyu, ka lissafa zaman da za ka yi. Kumasi zuwa Accra kilomita 250 ne ko kusa da haka, awa biyar in Nsawam ta yi maka sauƙi. Accra zuwa Legas ya haura kilomita 450, da boda uku a tsakani. Ka wuni ka kwana ƙafarka a lanƙwashe cikin mota, sannan da asuba ka ce mata ta ɗauke ka kilomita 42? Ka isa Legas ranar Laraba da dare, ko Alhamis in ya matse.

Alhaji_Tudu:
Yaron nan na Nima ya faɗi gaskiya. Shekara ashirin da wani abu ina bin hanyar Ikko, wato Legas, da kaya, ba gudu nake yi ba amma hanyar na san ta. Daga Accra ka bi Tema, ka haye gadar Sogakope, ka isa Aflao, awa uku zuwa huɗu. Togo ba ta da faɗi ta bakin teku, kilomita hamsin da ɗoriya ka fita ta Aneho ka shiga Hillacondji. Sai Kwatano, sai Seme, sai Badagiri, sai Mile 2. Tafiyar kanta ba ita ke cin lokaci ba, tsayuwa ce. Na taɓa barin Accra da hantsi na yi la'asar a Legas, na kuma taɓa barin ta da asuba ban shiga ba sai tsakar dare. Wanda yake da alƙawari da agogo ba ya bin hanyar nan a ranar ƙarshe.

Sadik_Aboabo:
Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. To takardu fa? Ghana Card kawai gare ni a hannu, fasfo ɗina ya ƙare tun bara.

Baba_Ashaiman:
Ghana Card ai katin ECOWAS ne, da shi nake shiga Lome duk wata, ba wanda ya taɓa mayar da ni.

Alhaji_Tudu:
Malam, Lome daban, Ikko daban. A takarda katin ya isa, ban musa ba. Amma boda uku za su ratsa, kuma kowane tebur da mutumin da ke zaune a kansa. Ɗana Sadik, ka je ka sabunta fasfo tun yanzu da sauran lokaci. Sannan katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawan nan, kada ka kuskura ka bar shi a gida. Shi aka fi tambaya, kuma wanda ba shi da shi ne ake ajiyewa gefe, mota tana jira, fasinjoji suna guna-guni.

UmmuFadama:
Ni tambayata, me ya hana ku hau jirgi? Daga Accra zuwa filin Murtala Muhammed awa ɗaya ne kacal. Maigidana da jirgi ya je a 2023, Alhamis da rana ya tafi, Lahadi ya dawo. In kun sayi tikiti da wuri yana sauƙi, sai an matso yake tashi.

Sadik_Aboabo:
Hajiya, mun duba. Kuɗin jirgin mutum ɗaya zuwa da dawowa ya kusa cinye duk abin da mu biyu muka tara. Shi ya sa.

Zulai_Madina:
To ku raba mana. Zuwa ta mota, tunda kuna da kwana biyu na hutawa, dawowa ta jirgi. Mutane suna ta maganar zuwa, ba wanda ya yi maganar dawowa. Ni kilomita 10 kawai na yi a bara, amma wadda muka tafi tare ta yi 42 ɗin, muka shigo mota washegari. Kafin mu kai Kwatano ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, a kowace boda sai na riƙe ta take sauka daga mota. Na tausaya mata ƙwarai. In ba halin jirgi, ku ƙara kwana ɗaya ku taso Litinin.

DanNima42:
Wannan gaskiya ne Anti Zulai. Bari in koma kan Agege, don shi ya fi damuna a tsarin Sadik. Ana tashi ne daga babban filin wasa na ƙasa a Surulere, ƙarfe shida da rabi na safe a shekarun da na je. Agege tana can arewa, ba ta rasa kilomita 15 daga wurin. Tun cikin dare ake fara tare hanyoyin da za a bi. Ke nan sai ka tashi ƙarfe uku, ka fita neman mota a garin da ba ka sani ba, cikin duhu. Ni shawarata ku kwana a Surulere ko Ojuelegba ko Yaba, inda za ku iya takawa da ƙafa zuwa filin. Akwai ƙananan otal da yawa a wajen, ku biyu ku haɗa ɗaki ɗaya.

Malam_Idi_Asawase:
A nan ne ban yarda da kai ba. Mutum yana da ɗan'uwa na jini a gari, ya ce zo ka sauka, sai ka wuce shi ka je ka biya otal? Gobe in uwar Sadik ta ji me za ta ce? Mu a zango haka muka taso muka gani. Kakanninmu fataken goro daga Kano zuwa Salaga zuwa Kumasi ba otal suke sauka ba, kowa da maigidansa a kowane gari. Zumunci ya fi gudu.

DanNima42:
Malam, ban ce ya yar da zumunci ba, Allah ya kiyaye. Ya sauka Agege ranar Laraba, ya kwana biyu, ya ci tuwon gidan, ya gaisa da kowa. Daren Juma'a kaɗai nake magana. Dare ɗaya. Ku kun san gidan 'yan'uwa in baƙo ya zo daga Ghana: hira har sha biyu, maƙwabta suna shigowa gaisuwa, a kawo abinci kala uku kuma kunya ba ta barin ka ƙi ci. Duk alheri ne, amma ba a daren da za ka tashi ƙarfe huɗu ba.

Hajiya_Mamobi:
Ku saurara in raba muku gardama. Sadik, ka tambayi ɗan'uwan naka ko yana da wani a Idi-Araba. Unguwar Hausawa ce tsohuwa, tana jikin asibitin koyarwa na jami'ar Legas, kuma daga nan zuwa filin wasan Surulere tafiya ce kaɗan. Da wuya a ce Bahaushen Agege bai san kowa a Idi-Araba ba. Shi da kansa zai kai ka ya damƙa ka hannun amininsa, ka ga ba ka wuce shi ba, kuma ka kwana kusa. Ga masallatai, ga abinci irin namu. Ƙanwata ta yi aure a can shekara goma sha biyu, na sha zuwa.

Malam_Idi_Asawase:
To wannan na yarda da shi, Hajiya. In ta hannun ɗan'uwansa aka bi, ba laifi.

Rabi'u_Sabonzango:
Ni akasin kowa na yi, kuma ban yi nadama ba. Kusa da inda ake ƙarewa na kwana. Shekarar da na je, gudun nan ba zagaye aka yi aka dawo inda aka tashi ba. A lokacin daga Surulere ake bi a hau gadar Third Mainland, a shiga Ikoyi, a haye gadar Lekki, a ƙare a Eko Atlantic can Victoria Island. Da safe kana da ƙarfinka, ko ƙarfe huɗu aka ce ka fito za ka fito. Amma ƙarfe sha ɗaya da rabi na rana, ka gama, rana tana dukan ka, ƙafa ba ta ɗaguwa, wayarka ta kusa mutuwa, hanyoyi a toshe, a lokacin ne za ka so a ce gadonka yana kusa. A Obalende na sauka, nan ma akwai Hausawa da yawa da masu suya, kuma bai kai tsadar Victoria Island ba.

DanNima42:
Yaya Rabi'u, in ka makara da safe ka rasa gudun gaba ɗaya. In ka wahala da rana, lambar yabonka tana wuyanka. Wanne ya fi?

Rabi'u_Sabonzango:
Ban makara ba ai. Tun ranar Alhamis na yi magana da mai tasi, na ba shi rabin kuɗi, ƙarfe huɗu da kwata yana ƙofa. A lokacin gari ba kowa, ba mu yi minti talatin ba muka isa. Abin da ake bukata shi ne direban da wani ya san shi ya tsaya masa, ba wanda ka tsinta a titi ba.

Baba_Ashaiman:
In hanya ta toshe ba sai a hau okada ba? Legas ai garin okada ne.

Alhaji_Tudu:
Da ke nan. Tun watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar ta hana okada a ƙananan hukumomi da dama, har da Surulere da Ikeja da Lagos Island da Eti-Osa, inda Victoria Island take. Dokar ta haɗa da wanda aka ɗauka, ba mai babur kaɗai ba. Baƙo kada ya sa kansa a wannan. Abin da ya ƙaru mai amfani shi ne jirgin ƙasa na Blue Line daga Mile 2 zuwa Marina, da ya fara aiki a 2023. In kun sauka Mile 2 da rana kuna son shiga tsibiri, ya fi zama cikin gosulo.

Nasiru_Tafo:
Wani abu da ba wanda ya ambata, kuma shi ya kusa kayar da ni: agogo. Ghana da Togo lokacinsu ɗaya, amma da ka shiga Benin an ƙara awa ɗaya, haka Najeriya. Shida da rabi na Legas biyar da rabi ne a jikinka. Wayata ba ta juya da kanta ba saboda layin Ghana ne a ciki kuma bai kama ba, na sa ƙararrawa ƙarfe huɗu ashe biyar ce a can. Mai gadin gidan ne ya buga mini ƙofa, Allah ya saka masa. Da kun wuce Hillacondji ku gyara agogo da hannu, na waya da na hannu duka.

UmmuFadama:
Wannan ya tuna mini da batun kuɗi. Shekarar da maigidana ya je, 2023, ta faɗo daidai lokacin da aka canza takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace a gari. Yana da kuɗi a kati amma ruwan leda ya gagare shi saya, sai wani ɗan Kano mai shago ya taimake shi. Yanzu abin ya wuce, amma darasin yana nan: MoMo ɗinmu, kuɗin cikin waya, ba ya yi maka aiki a wurin mai shayi a Legas. Ku canza naira tun daga Tudu ko Nima ko a Aflao, ku riƙe 'yan sefa kaɗan na ruwa da bayan gida a Togo da Benin. Kada ku haɗa kuɗin wuri ɗaya.

Kawu_Sawaba:
Ni dai ban gane ba. Ƙasarmu ba a gudu ne? Ga na Milo da aka daɗe ana yi a Accra, ga Millennium na kilomita 21, ga wanda ake yi lokacin Homowo. Ka hau mota ɗaya daga Asafo ka sauka, ka kwana Nima wurin 'yan'uwa, ba fasfo ba canji. Mene ne a Legas ɗin? Kuɗin kyautar ma 'yan Kenya da Habasha ke kwashewa. Tun na farko a 2016 Abraham Kiptum na Kenya ya ci, ya sake ci a 2017.

Sadik_Aboabo:
Kawu, ba don kyauta za mu je ba, mun san matsayinmu. Na yi kilomita 21 a Accra sau biyu. Abin da ke ja na shi ne gadar nan, kusan kilomita 12 a kan ruwa, a rufe ta saboda masu gudu, dubban mutane a kai. Tun da na gani a talabijin abin yake raina. Kuma mahaifina daga Najeriya kakansa ya zo, ni ban taɓa taka ƙasar ba.

Kawu_Sawaba:
To in haka ne Allah ya kai ku lafiya. Ka gaida mutanen Agege.

DanNima42:
Tunda ka ambaci gadar, bari in gaya maka halinta. Tana zuwa ne a farkon rabin gudun, jiki da sauran ƙarfi, ga iskar ruwa, sai mutum ya ji kamar ya tashi sama. A nan mutane ke ƙona kansu. Ba inuwa ko ta ganye ɗaya, ba shago, ba mai talla. In rana ta ɗaga, zafin Legas da gumi irin na Accra ne, ba irin na Kumasi ba, ku da kuka saba da sanyin safiyar Asante ku lura. Ni a 2019 na yi gaggawa a gada, a kilomita 30 jijiyar cinyata ta ɗaure, sauran da tafiya na ƙarasa. A 2024 na riƙe 'yar gorar ruwa a hannu tun daga farko, da dabino bakwai a aljihu, ban dogara da teburin ruwa kaɗai ba, don mu na baya wani lokaci kafin mu iso an yi wa teburin yawa. In za ku iya, ku sauko Accra sau ɗaya kafin tafiyar ku yi dogon gudu da hantsi a bakin teku, ko ku zo mu hau dutsen Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase ranar Asabar.

Malam_Idi_Asawase:
Sallar asuba fa? Ƙarfe shida da rabi ake tashi, ku kuna can tun biyar.

Rabi'u_Sabonzango:
Malam, a Fabrairu alfijir a Legas sai wajen shida saura yake ketowa. Da alwalarmu muka fito, lokaci na yi muka samu gefe a harabar filin muka yi jam'i, mun kai mu ashirin, yawanci 'yan Arewa, da wasu Yarbawa. Na tafi da ƙaramin ɗankwali na shimfiɗa, na bar shi a wurin. Akwai lokaci, sai dai kada a tsaya dogon wuridi.

Malam_Idi_Asawase:
Madalla. Ku kuma riƙa duba kalanda, masu niyyar shekaru masu zuwa. Azumin 2024 ya kama 11 ga Maris, na 2025 farkon Maris, kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A 2027 cikin Fabrairu sosai zai faɗo. Wanda yake da buri ya yi shi kafin nan.

Zulai_Madina:
Ga mata masu karantawa, don na san akwai masu so suna jin nauyi: da hijabina na yi, da doguwar riga mara nauyi da wando har idon sawu, kuma ba ni kaɗai ba ce. Sai dai mu 'yan kilomita 10 ba a Surulere muka tashi ba, ta wajen Lekki ne, shi ya sa kowa ya duba inda nasa rukunin zai tashi kafin ya kama ɗaki. Ku karanta sanarwar masu shiryawa ta shekarar da kanku, kada ku dogara da abin da muka gani a namu zuwan, hanya da lokaci suna iya canzawa.

Hajiya_Mamobi:
Abinci kuma, 'ya'yana. Ranar Juma'a ba ranar ɗanɗana abin da ba ku saba ba ce. Miyar Yarbawa akwai daɗi amma barkononta ba wasa, ku bari sai Asabar da yamma. Ku ci shinkafa da wake irin wadda cikinku ya sani, ko tuwo da miyar kuka, tun kafin isha. Ku tafi da garin koko daga gida, ruwan zafi kawai za ku nema da asuba. Sadik, ka sa mahaifiyarka ta ɗaura maka shito ɗan kaɗan da gari, da tsarabar mutanen Agege, kada ka je hannu rabbana.

Nasiru_Tafo:
In kuka ƙare a otal, ga abin da ya same ni. Na biya ta intanet wata guda kafin lokaci, na iso da dare aka ce ɗakin an ba wani, wai ba su ga kuɗin ba. Ƙarshen makon gudu ɗakunan kusa da filin cika suke yi. Sai da na yi yawo da jaka har na samu wani, shi kuma janaretansu ƙarfe sha biyu suke kashewa, fanka ta tsaya, sauro ya taso. Don haka ku sa ɗan'uwanku ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin, ya tambayi wuta har safe ce ko a'a, ya biya ya karɓi rasit. Ku kuma tambaya ko za su bar ku ku wuce sha biyun rana ranar Asabar, don ba za ku dawo kafin nan ba.

Alhaji_Tudu:
Wata dabara ga mai ƙaramin ƙarfi: ba dole sai doguwar mota ɗaya ba. Ana yanka tafiyar. Tudu zuwa Aflao, ka taka ka shiga Lome, ka kama ta Kwatano, ka kwana a unguwar Zongo kusa da babban masallaci, da safe ka wuce Seme ka shiga Ikko da rana tsaka ido na ganin ido. Ya fi arha sau da yawa, jiki kuma yana hutawa. Amma ga wanda bai taɓa bi ba kuma ba ya jin Faransanci, babbar mota ta fi kwanciyar hankali, don su ke tattara fasfo su kai a buga. Ni ina da tafiya a farkon Fabrairu, in ranakun sun yi daidai sai mu tafi tare.

Sadik_Aboabo:
Alhaji, wallahi da kun taimake mu. Na kira ɗan'uwana yanzu, ya ce yana da aboki mai sayar da yadi a Idi-Araba, zai yi masa magana gobe. Amma abokin tafiyata ya karanta bayanin Yaya Rabi'u, shi Obalende yake so, ya ce dawowar ce ke ba shi tsoro. Ba mu daidaita ba tukuna. Wurin aiki kuma kwana uku suka ba ni, in na tashi Talata da dare ban san yadda zan yi da Litinin ba. Ranar Litinin mai zuwa zan fara zancen fasfo. Allurar shawara kuma an yi mini tun ina yaro amma katin ya ɓace, a ina ake sake samu a nan Kumasi?

Nasiru_Tafo:
Ka zo Tafo gobe bayan azahar in raka ka inda na yi nawa. Ka taho da Ghana Card ɗinka.

Rabi'u_Sabonzango:
Ka ce wa abokin naka ya yi mini magana ta gefe, in ba shi lambar mai tasin, in dai bai canza layi ba.